Maiwa a Gonar Tata

Shekara goma bayan yunwar Kakalaba, akwai wasu samari uku a Falanko da mutanen gari ke kira 'yan Birni, don daga Damagaram suka zo neman abinci da sana'ar hannu. Yahuza baduku ne, Jika maƙeri, Ɗan Azumi kuwa wanzami. Ɗaki guda suke kwana a bayan kasuwa, kuma a cikinsu ba wanda ya taɓa yini a gona. Jika ma da ke ƙera hauya, iyakarsa da ita ya miƙa wa mai saye.

Amma fa suna da tausayi. Kowace Alhamis sukan rufe aiki su bi unguwar arewa, inda gajiyayyu suka taru, makafi da guragu da tsofaffin da ba su da kowa. Ɗan Azumi ya yi aski da ƙaho, Jika ya wasa gatari ya gyara wuƙa, Yahuza ya ɗinke guga da takalmin da ya tsinke, ba su karɓar ko goro. Yahuza ne ya tsiro da abin. Shi ne mai baki a cikinsu, kuma irin mutanen nan ne da in alheri ya zo musu a rai ba su tsayawa tambayar kowa.

A ƙarshen unguwar, inda gari ya ƙare daji ya soma, akwai bukkar wata tsohuwar Buzuwa mai suna Tata. Baiwa ce a da, a zangon wasu masu raƙuma can arewa da Belbeji. Cikin bauta aka haife ta, cikinta ta tsufa tana daka da jan ruwa. Shekarar da yaƙi ya tashi a Azbin, Nasara suka kwashe raƙuma, zango ya watse, sai ta ɗauki ƙwaryarta ta yi kudu da ƙafa, ba wanda ya sami sukunin bin ta. Maigari ya yanka mata 'yar gona a kan tudu. Shekara bakwai ke nan tana cin guminta, kuma duk wanda ya zauna da ita sai ya ji wannan labari.

Kowace kaka Rissa, ɗan ubangidanta na da, yakan biyo da ayari sayen hatsi. Sai ya tsaya bakin bukkar ya ce ta dawo gida, akwai nono, akwai inuwa. Ba mugu ba ne, kuma har zuciyarsa yake faɗa. Ita kuwa sai ta shiga rumbunta ta auno gero tiya guda ta ce ya kai wa yara tsaraba. Wannan tiyar ita ce duk girmanta a duniya, don muddin tana iya ba shi, ba za ta koma cin abincin hannunsu ba.

A wannan shekara yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai duhu-duhun mutum. Ranar wata Alhamis Yahuza ya tarar da ita zaune tana shafa sunguminta, gajimare kuwa ya soma haɗuwa a gabas.

"Inna, wa zai yi miki shuka bana?"

"Mijina mana," in ji ta, don haka take tsokanarsa, wasan kaka da jika. "Ko ka sake ni ne ban sani ba?"

"Ni da sakin ki? Ranar da ruwa ya sauka, mu uku muna gonarki."

Ta yi dariya har haƙorinta guda ya bayyana. "Masu taushin hannu za su yi mini gayya. To, Allah ya nuna mana."

Yahuza yana da wani abu da ya ɓoye wa kowa. Kawunsa na Magarya ya aiko masa da damin maiwa ta hannun fatake, zangarniya kamar damtsen ƙato, ƙwaya fara tas. Ya ga irin geron da Tata ta rataye a bukka, gajerun zangarnu 'yan sirara, abin tausayi. Sai ya ƙudura a ransa bana tsohuwa za ta ga hatsin da ba ta taɓa gani ba. Ya san sunan maiwa, ya san daɗin tuwonta, amma bai san kwanakinta ba. Ɗan Birni ne, a kasuwa yake ganin hatsi.

Ruwa ya sauka ranar wata Talata. Da sassafe suka iso, suka tarar da Tata a tsaye bakin rumbu, ranta a ɓace.

"Ku koma," in ji ta. "Ba a kiran gayya a sallami mutane da baki busasshe. Na laluba rumbu, abin da ya saura ba zai kai ni kaka ba in na taɓa shi."

"Inna, mu ba don fura muka zo ba," in ji Jika.

"Ni mai gona ce yanzu. Mai gona yana ciyar da masu yi mishi aiki. Wanda ake yi wa aiki ba ya ba da komai, sadaka aka yi mishi."

Nan Yahuza ya ga dabara ta zo masa, har yana jin daɗin kansa. Ya kwance buhunsa, ya sa mata zangarniyar maiwa guda a hannu. Ya ce ga iri ya kawo, wanda ya fi nata sau uku, saboda haka ta sauke damin irinta da ta rataye ta daka musu fura, kowa ya huta.

Tata ta shafa zangarniyar tun daga gindi har kai, ta auna nauyinta a tafin hannu. Ita ma ba a gona ta tashi ba, da tsufanta ta koyi noma, kuma gero ɗaya ta sani, wanda take zaɓar masa iri kowace kaka da hannunta.

"Wannan ta san ƙasar nan kuwa?"

"Inna, ƙasa ai duk ƙasa ce."

Tana son ta ciyar da su, shi ya ci ta. Ta sauke damin, ta sussuke, ta daka, ta dama da nonon akuyar maƙwabciya. Da rana ta take suka zauna gindin aduwa, hannuwansu duk sun yi kanta, suka shanye irin shekara bakwai suna yaba daɗinsa. Ita kuwa tana zaune tana jin ƙarar ludayi, fuskarta cike da murna.

Shuka ta fito, kai ka ce zana ta aka yi. Samarin suka yi noman fari, suka yi maimai, suna kuskure suna gyarawa. Maiwa ta miƙe kore shar, ta wuce geron maƙwabta, ta wuce tsayin mutum. Yahuza har zagayawa yake ta wajen in ya taso daga majema, don kawai ya ji masu wucewa suna cewa gonar wa ce wannan.

Attahir ne ya fara ganewa, manomin da gonarsa ke iyaka da ta Tata. A lokacin geronsa ya fid da kai, ya yi bununi, gonar tsohuwa kuwa ganye kawai take ƙarawa. Ya shiga ya tsaga kara guda da farce, ya duba cikinsa, sannan ya aika a kira baduku.

"Me kuka shuka a nan?"

"Maiwa ce, Baba. Ta Magarya."

Attahir ya yar da karan. "Ɗana, me ya hana ka tambaya? Ga ni nan kullum, tsakaninmu taku goma. Maiwa sai ta sha ruwan wata huɗu da ɗoriya kafin ta yi ciki. Mu nan Damargu in mun sami wata biyu da rabi sai mu gode Allah. Shi ya sa ka ga geronmu gajere, sauri yake yi."

"To yanzu yaya za a yi?"

"Ka roƙi Allah ya tsawaita damina."

Damina ba ta tsawaita ba, ta ma ɗauke da wuri. Kwana uku samarin nan suna jan ruwa a rijiyar gari mai gaba arba'in, suna kaiwa tudu a salka, suna zuba wa kusurwa guda ko za a tsira da dami biyu. Rairayi ya shanye kafin su juya baya. Mata a bakin rijiya suka daina yi musu dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Rana ta huɗu Jika ya ajiye salka ya zauna a kan kunya, ba wanda ya ce masa ya tashi.

Yahuza ya je ya gaya mata da bakinsa. Bai ɓoye komai ba, bai kuma raba laifin da kowa ba. Tata ta ce ya kai ta gonar. Ya riƙe mata sanda har tsakiya, ta kama kara guda ta bi shi da hannu, ta yi ɗage iya tsayinta, ba ta taɓo komai ba sai busasshen ganye. Ta kama na biyu, ta kama na uku.

"Ta yi tsawo kam," in ji ta.

Da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ya durƙusa a cikin kunya ya yi kuka irin wanda rabonsa da shi tun mutuwar uwarsa. Ita ce ma ta laluba ta dafa kansa tana cewa ya isa, ai ita ta daka da hannunta.

Da kaka ta yi aka ji ayarin Rissa ya sauka. Yahuza ya yi maza ya auno tiya guda a kasuwa ya kai mata, don ta sami abin miƙawa kamar kullum. Ta ture ƙwaryar.

"Ba nawa ba ne. Ba zan yi mishi ƙarya da hatsin wani ba."

Rissa ya zo, ya ga kara tsaye ba kai, ya ga rumbu a buɗe. Ya faɗi abin da ya saba faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ta ji, ta gode, ya gaida gida. Ya tafi hannu wofi, karo na farko cikin shekara bakwai.

Samarin suka ɗauki cinta a wuyansu. Attahir ya yi alkawarin iri in Allah ya kai rai, saboda haka abin da ya rage shi ne a riƙe ta har wata kaka. Faɗarsa da sauƙi. Shekarar ba ta yi wa kowa kyau ba, hatsi ya yi wuya, mutane suka daina ɗinkin takalmi da kube. Tsakiyar rani aka zo ɗiban mutane aikin hanyar Nasara, aka haɗa da Jika, don suna neman mai gyara diga. Ɗan Azumi ya bi kasuwannin kudu da zabirarsa, ya ce zai aiko, kuma sau ɗaya ya aiko. Yahuza ya saura shi kaɗai. Abin da ya samu sai ya raba biyu, daga baya ma ya daina rabawa, yakan kai mata duka ya ce shi ya ci a kasuwa.

Makauniya ce, ba wawuya ba. Wata rana da ya miƙa mata ƙwarya sai ta bar ƙwaryar ta kama wuyan hannunsa, ta zagaye shi da yatsu biyu, yatsun suka haɗu har da saura. Ta sake shi, ta ci abincinta. Washegari ta sa maƙwabciya ta kai ta rijiya, inda makiyaya ke shayarwa, ta ba su saƙo zuwa arewa.

Yahuza bai sani ba sai ranar da ya iso da hantsi ya tarar da raƙumi gurfane a bakin bukkar, Rissa yana ɗaure tabarmarta da sungumi a gefen sirdi.

"Inna, saura wata biyu ruwa ya sauka. Attahir ya ce zai ba mu iri. Wannan karon shi zai nuna mana komai, wallahi ba zan sa hatsi a rami ba sai ya gani."

"Wata biyu kafin ruwa, wata uku kafin tumu. Wa zai kai ka can, ɗana? Ni zan ci, kai ka mutu?"

"Ni na jawo. Ki bar ni in biya."

"Na sani. Amma cin hannun wani duk ɗaya ne. Su, na yi musu daka shekara hamsin, in na ci nasu ban ci banza ba. Kai me na yi maka?"

Yahuza ya dubi Rissa ko zai ce wani abu, Rissa ya kau da kai yana gyara igiyar da ba ta bukatar gyara. Su biyu suka ɗaga ta suka ɗora, ba ta fi nauyin damin kara ba. Kafin raƙumin ya miƙe ta sunkuyo wajen da take jin numfashinsa.

"Abu guda za ka yi mini. In mutane sun tambaya, kar ka ce na koma. Ka ce ziyara na tahi."

Ya bi su da ƙafa har bayan gonakin gari, sannan Rissa ya ce masa ya isa haka nan. A hanyarsa ta dawowa ya biyo ta bakin rijiya, wata mata ta ɗago daga jan guga ta ce, baduku, ina aka nufa da Tata a kan raƙumi?

"Ziyara ta tahi," in ji Yahuza.

Matar ta dube shi, ta dubi arewa. Ta ce Allah ya dawo da ita lafiya, ya ce amin.