Wanda Ya Sa Hannu a Hoton Mikail

Malam Jona malamin zane ne. Tun da aka rufe makarantarsu saboda rikici ya koma zaman gida a unguwar Lamisula, daga shi sai fentin mai da ƙorafin cewa Maiduguri ba ta san darajarsa ba. Shi kansa in ya kaɗaita yakan nemi darajar ya rasa.

Maƙwabcinsa Mikail leburan gini ne a GRA. Shekarar da aka katse layukan waya hankalinsa ya tashi, don tsohuwarsa Turai tana can ƙauye, ba ta san ko yana raye ba. Ya ce zai ɗauki hoto ya ba direba ya kai mata. Jona ya hana. Kyamara, in ji shi, fata kawai take gani, shi kuwa zai zano mutumin da ke ciki.

Ya zana shi da kwanon siminti a ka, irin zanen Turawan da ya gani a littafi: kunci kore, wuya a karkace, ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ga ja yana gangarowa daga goshi, wai zafin rana ke nan. Ya rangaɗa sunansa a ƙasa da manyan baƙaƙe. Mikail ya duba, ya sake dubawa, kunya ta sa ya yi godiya ya kai hoton tasha.

Ba a daɗe ba sai ga Turai a ƙofar gida da hoton naɗe cikin zani. Ta ratso hanyar da maza ma ke tsoro, shingen sojoji bayan shinge, domin a ƙauye har an fara yi mata jaje. Ta shafa goshin ɗanta, ta jujjuya wuyansa, ta ga lafiya lau, sai ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Jona yana tsaye a gefe.

Da ta share hawaye ta ce mai kemis ɗin ƙauyensu ya karanta musu sunan wanda ya yi wa ɗanta wannan aika-aika, don marar tsoron Allahn har sa hannu ya yi. Ta dubi Jona.

"Ɗana, ka san wani Jona a unguwar nan?"

Shekara da shekaru yana jiran ranar da wani zai taso daga nesa yana cigiyar mai wannan suna.

"Ya tashi daga nan, Mama," in ji shi.