Ƙwai Shida a Lagireto

Likitan da ke cire yanar ido sau biyu yake zuwa babban asibiti a shekara, kuma mai ɗakina ta yi wata bakwai tana jira kafin sunanta ya fito. Katin da aka ba ta ya ce ranar Laraba, ƙarfe tara na safe. A ƙasa an ja layi da jan biro an rubuta cewa wanda ya makara za a ba na bayansa gurbinsa. Idonta na hagu ya riga ya rufe. Na dama kuwa ya kai matsayin da take zuba shayi a gefen kofi, ta ce kofin ne ya matsa. Daga gidanmu zuwa asibitin tafiyar awa biyu ce.

Ranar Litinin motata ta fara zafi. Na lura da yadda abin yake: muddin ina gudu a buɗaɗɗen titi, allurar zafi tana nan a tsakiya, da zarar na tsaya a cunkoso sai ta fara hawa, har ruwa ya tafasa ya yi ambaliya. Na buɗe bonet inji yana aiki, na ga fankar da ke bayan lagireto ko motsi ba ta yi. Ban san inji ba, amma na iya karatu, kuma littafin da ya zo da motar ya faɗi ƙarara cewa irin wannan zafin daga fanka yake. Na yanke shawarar kai ta gareji ranar Talata da la'asar.

Da azahar ɗin Talatar sai ga yayan mai ɗakina, ya zo domin ya raka ƙanwarsa asibiti. Tsohon direban babbar mota ne, ya haura saba'in, kuma shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu. Har yau Auta yake kiranta, ko da yake tana da jikoki tara. Ni kuwa Akawu yake ce mini, da irin muryar da ake ambaton ciwon da ba ya jin magani.

Ko ruwa bai sha ba ya hango jiƙaƙƙen wuri a ƙarƙashin motar.

"Akawu, motarka fitsari take yi?"

"Zafi take yi, Yaya. Ina kyautata zaton fanka ce. Anjima zan kai ta gareji."

"Fanka," ya ce, ya yi dariya ta hanci. "Ga ruwa a ƙasa kana ce mini fanka. Lagireto ne ya huje. Ka kai ta gareji yau, su kwance maka rabin inji, gobe ka goya Auta a baya. Auta, akwai ƙwai a gidan nan?"

Daga ɗaki ta amsa cewa akwai guda shida.

"Kawo su duka."

Ya bayyana mini hikimar yana naɗe hannun riga. Idan aka fasa ɗanyen ƙwai a cikin lagireto, zafi zai dafa shi, ruwa ya tura shi bakin hujin, ya toshe. Da haka, in ji shi, ya taɓa kai tirela cike da siminti tafiyar kwana uku. Na so in ce lagireton tirela ya kai ƙofar ɗaki girma, nawa kuwa hanyoyin ruwansa ba su fi tsinken tsintsiya kauri ba. Na so in ƙara da cewa babu huji balle a toshe shi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To, Yaya."

Shekara talatin da ɗaya na yi ina faɗin wannan "to" ɗin ga shugabannin da na san sun yi kuskure. A ofis akwai hanyar da muke wanke kanmu: ka bi umarni, sannan ka rubuta ra'ayinka a gefen fayil, ka sa kwanan wata. Haka na yi. Na ɗauko ɗan littafin da nake rubuta ranar canjin man inji, na rubuta, "An zuba ƙwai bisa umarnin Yaya. Ban amince ba." Na mayar da shi aljihun mota, na ji kamar na sauke nauyi.

Ya fasa su ɗaya bayan ɗaya a bakin lagireto, fari da gwaiduwa, yana tura abin da ya maƙale da ɗan yatsa. Na biyar baragurbi ne. Warinsa ya sa na ja da baya har na taka bokiti. Yaya ya shinshina, ya dube shi, ya juye shi ciki.

"Duk ɗaya ne. Ai ba ci za mu yi ba."

Ya cika lagireton da ruwa, ya sa na tayar da inji na minti goma. Bai tafasa ba, domin minti goma ba ya isa. Ya goge hannunsa a jikin kujerar direba, ya ce gareji ya ƙare.

Ƙarfe shida na safe muka tashi. Yaya a gaba, mai ɗakina a baya da katinta a cikin jaka, ta riƙe jakar da hannu biyu. Tafiyar minti arba'in lafiya lau, Yaya yana ba ni labarin yadda direbobin yanzu ba su san komai ba. Daga nan wani wari ya fara shigowa ta ramukan iska, mai ɗumi, mai maiƙo, irin wanda ke mannewa a maƙogwaro.

"Malam," in ji mai ɗakina, "ɓera ne ya mutu a motar nan?"

Na dubi allura. A buɗaɗɗen titi muke, ina gudu, amma ta wuce tsakiya tana neman ja. Abin da ba ta taɓa yi ba ke nan. Kafin in sami gefen da zan tsaya, tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet, wani abu fari-fari ya fara fantsama a gilashi. Na kunna abin goge gilashi, ya shafe shi ko'ina.

Yaya ya fita da hanzari zai buɗe murfin lagireto. A nan kaɗai na yi magana, na ce idan ya taɓa shi da zafinsa za mu kai mutum biyu asibiti. Ya fasa, amma ya harare ni.

Akwai wata rumfar bakanike ɗan gaba kaɗan, muka tura motar zuwa can, ni da Yaya, mai ɗakina tana ciki ta toshe hanci da mayafi. Bakaniken dogo ne mai ƙarancin magana. Ya jira inji ya huce, ya buɗe murfin da tsumma, ya leƙa, ya kau da kai ya tofar da yawu. Ya kwance tiyon ƙasa. Abin da ya zubo ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ba na fatan in sake: ruwa mai launin tsatsa, da guntayen dafaffen ƙwai sun yi toka-toka, wasu dogaye kamar tsutsa saboda sun ɗauki siffar hanyoyin da suka toshe. Ƙudaje suka iso kafin ya miƙe.

"Baba, wa ya yi muku girki a nan?"

"Huji muka toshe," in ji Yaya.

"Babu huji. Yanzu dai kun toshe duk inda ruwa zai bi." Ya buɗe wani ɗan akwati baƙi kusa da batir, ya zaro wani abu da bai kai ƙumbar babban yatsa ba, ya ɗaga shi a rana. "Fiyus ɗin fanka ne ya ƙone. Da jiya kuka zo, aikin minti biyu ne."

"Dama na san fanka ce," na ce. "Tun ranar Litinin na gani."

Ban san me ya sa na faɗa ba. Ina jin na so bakaniken ya san cewa ba dukkanmu ne jahilai ba. Tagar baya a buɗe take.

Ya ce sai ya cire lagireton gaba ɗaya ya wanke shi hanya-hanya, awa huɗu idan an yi sa'a. Lokacin takwas saura kwata. Muka tsaya a bakin titi muna ɗaga wa motoci hannu. Na farko da ya tsaya ya sauke gilashi, ya shaƙi iskar wurin, ya ɗaga gilashinsa ya wuce. Sai takwas da rabi wata motar haya ta ɗauki mai ɗakina da Yaya. Ni na zauna a kan tsohuwar taya ina kallon mutum yana zaƙulo ƙwai daga motata da waya.

La'asar sakaliya suka dawo. Tun daga nesa na ga babu bandeji a fuskarta. Goma da minti ashirin suka isa, an riga an shigar da wata mata a gurbinta. An sa sunanta a zuwan likita na gaba, bayan wata shida, kuma wata ma'aikaciyar jinya ta ce a kula da ita wajen hawa matakala kafin lokacin.

Yaya ya ce laifin masu ƙera motocin zamani ne, ya zagaya bayan rumfa neman buta. Mai ɗakina ta lalubi ƙofar mota, ta tsaya ba ta shiga ba.

"Malam, na ji abin da ka gaya wa bakanike."

Ta juyo wajen da nake tsaye.

"Shi Yaya bai sani ba, ya yi abin da ya iya. Kai ka sani." Ba ta ɗaga murya ba. "Idan lokacin ya zo, matar maƙwabcinmu za ta raka ni a motar haya. Kai da Yaya ku zauna a gida ku girmama juna."

Ta buɗe ƙofar da kanta, ta buge goshinta kaɗan a saman ƙofar, ta ƙi hannun da na miƙa mata.