Baƙon Goggo Yelwa

Ubale yana shekararsa ta ƙarshe a jami'a a Kano, cikin bazarar 1975, saƙo ya zo masa daga Gumel cewa ya je Gagarawa Tasha ya duba ƙanwar mahaifinsa, Goggo Yelwa. Ba don ya san magani aka kira shi ba. Adabin Turanci yake karantawa haɗe da ilimin zamantakewar al'umma, kuma duk danginsu shi kaɗai ne ke jin Turanci sosai. Abin da ke damun Goggo kuwa, in ji masu kawo saƙon, da Turanci yake magana.

Ya aro rikoda a sashensu, ya hau jirgin Nguru. A hanya har murna yake yi, domin an ce kowa ya kawo binciken kammala karatu, shi kuwa bai sami abin rubutawa ba. Malamin zamantakewa ya koya musu cewa sau da yawa macen da aka ce iska ta hau ta, damuwa ce ta rasa bakin faɗa. Ga fari ya cinye wa su Goggo awaki da gero. Ga ta kuma ta tsufa tana tuyar ƙosai a bakin tasha, tana jin maganar matafiya iri-iri. Kafin ya sauka ya gama warware matsalar a ransa.

Mijinta, Malam Ɗantsoho, ya tarbe shi a zaure.

"An yi rubutu, an yi hayaƙi," in ji tsohon. "Har 'yan bori mun kira, Allah Ya yafe mana. Suka ce Turawan bori da suka sani sigari suke nema, wannan ba nasu ba ne. Ba ya neman komai, ba ya duka. Bayan azahar yake zuwa, ya yi ta surutu har la'asar."

"Baba, ta san abin da take faɗa?"

"Ina! In ya tafi sai ta ce barci ta yi."

Da aka idar da azahar suka shiga. Goggo na zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa tana tsintar wake. Ta yi masa sannu da zuwa, ta yi masa tsiyar ramewa. Suna cikin hira sai hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar. Ta miƙe bayanta, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, irin zaman da bai taɓa ganin wata tsohuwa ta yi ba. Ubale ya danna rikoda.

Muryar da ta fito daga bakinta ta namiji ce, mai kauri, ta wanda ya gaji. Abin da ya ba Ubale mamaki ba kaurin muryar ba ne. Ba Turancin rediyo ba ne, ba na makaranta ba, ba kuma na ma'aikatan jirgi ba. Turancin talakawan ƙauyen Ingila ne, irin wanda marubuta ke sa wa leburori a baki, wanda shi kansa ya sha wahala kafin ya iya karanta shi a aji. Bai taɓa jin sa da kunne ba sai ran nan.

Muryar ta yi maganar ruwan sama a kan wani titi mai gangara, da wata ƙofa mai koren fenti da ba ta rufuwa sosai. Ta yi ƙorafin zafi da zazzaɓi. Can sai ta tambaya ko jirgi ya wuce. Ta jira. Ta sake tambaya, a hankali, kamar wanda ya saba ba a amsa masa.

Tausayi ya kama Ubale. Bai yi shawara da zuciyarsa ba, sai ya ji ya ce da Turanci, "Ya wuce tun da daɗewa."

Kan Goggo ya juyo gare shi. Idanunta na kallonsa, amma ba ita ke kallon ba.

"Kana ji na?" in ji muryar.

"Ina ji."

"To, madalla."

Daga nan suka yi ta hira. Yana tambaya, ana ba shi amsa, har aka kira la'asar. Da ya fito ya ga Malam Ɗantsoho na yi masa wani irin kallo, sannan tsohon ya ce, "Allah Ya tsare." Washegari azahar ta yi, la'asar ta yi, baƙon bai zo ba, Goggo na ta harkarta. Haka jibi. Ubale ya koma Kano ana sa masa albarka.

Malamar adabinsu ya fara kai wa kaset ɗin, wata Baturiya mai furfura, don ta gaya masa na wane yanki ne wannan harshe. Suka zauna a ofishinta da hantsi, fanka na juyawa. Ta saurara, ta cire tabarau.

"Haka kakana yake magana," in ji ta. "Yanzu ko a can da wuya ka ji shi. A ina ka koya?"

"Ba ni ba ne, Malama. Goggona ce."

"Da farko dai ita ce. Amma saurari nan."

Ta mayar da kaset ɗin baya kaɗan. Ya ji kansa yana cewa yana ji. Ya ji muryar ta ce madalla. Daga nan sai muryar ta matso kusa da rikoda, daidai inda tasa take. Tana cikin ba da labarin titin nan mai gangara, sai ga muryar Goggo daga gefe, da Hausarta ta kullum, cikin mamaki: "Malam, da wa yaron nan yake magana?" Muryar baƙon ba ta ko tsaya ba.

Baturiyar ta yi dariya, ta ce lallai ya dace da wasan kwaikwayo. Ubale ya karɓi kaset ɗinsa, ya fita.

Bai rubuta binciken a kan Goggo ba. Ya koma ya yi shi a kan dillalan shanu na kasuwar Maigatari, ya ci jarrabawa lafiya. Sai dai abokan ɗakinsa sun fara yi masa ba'a, wai in ya kishingiɗa bayan azahar yakan yi surutu da wani irin Turanci da ba sa ganewa. Shi kuwa abin da ya sani, ya ɗan rintsa ne.

Da damina ta faɗi ya koma Gagarawa Tasha. Ya sami Goggo a bakin kasko, ta yi ƙiba, tana faɗa da masu saye. Ta zuba masa ƙosai a ganye, ta dube shi ta daɗe.

"Ɗan nan, yana wajenka ko?"

Ubale ya sunkuyar da kai.

"Na ce wa Malam barci nake yi don kada hankalinsa ya tashi," in ji ta a hankali. "Ina nan a gefe ina jin sa, ban dai san me yake cewa ba. Ba mugu ba ne. Amma kai ka yi wauta. Baƙon da ba ka san ranar tafiyarsa ba, ba a amsa masa sallama."

"Goggo, yaya zan yi?"

"Ka riƙe addu'a. Kuma kada ka yi masa tsawa."

Ubale ya kama aikin koyarwa a wata sakandare a Gumel, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Ɗalibai na son darasinsa. Abu ɗaya ya roƙi shugaban makarantar tun ranar farko, kuma aka yi masa: duk azuzuwansa a sa su da safe. Matarsa Rahamatu ta saba, in ya dawo ya ci abinci ya shiga ɗaki bayan azahar, takan ja masa ƙofa, ta kwashe yara su koma can ƙarshen tsakar gida.