Ƙafa Hamsin

Dogo ya sauke sarƙar awo daga kafaɗarsa, ya yar da ita a bakin fulotin Abarshi. Ƙarar ƙarfen ta watsa kajin maƙwabta.

"A hankali, Dogo," in ji Mista Oladipo, safiyo mai awon filaye na ofishin gari, yana jingine kekensa a gindin mangwaro. "Sarƙar gwamnati ce."

Dogo ya sunkuya ya fara warware ta. Shekararsa goma sha ɗaya yana jan sarƙar nan a lungunan Sabon Gari. Aikinsa ya riƙe bakinta inda aka ce ya riƙe, wani ya karanta lamba, wani ya sa hannu. Yau idonsa na kan bulon da aka jera a fulotin har ya kai ƙirjin mutum, da sababbin kwanon rufi da rana ke duka suna kashe ido.

Ƙauyensu ɗaya da Abarshi, can bayan Giwa. Rana ɗaya aka yi musu baftisma, rana ɗaya suka shigo garin nan da tabarma guda tsakaninsu. Dogo ya yi aji huɗu a makarantar mishan. Abarshi har yau da babban yatsa yake sa hannu. Amma da aka fara ginin sabuwar kwaleji a Samaru, Abarshi ya nemo jakuna biyu ya shiga kai yashi. Jakunan suka zama shida, shidan suka zama babbar mota. Yanzu ɗakuna goma sha shida yake son ginawa a nan Unguwar Gabas, jeri biyu suna kallon juna, ya zuba ma'aikatan da ke kwarara Samaru ba su da wurin kwana.

Maƙwabta sun kai ƙara. Makon jiya kwamitin gari ya yanke: fulotin da faɗinsa ya cika ƙafa hamsin, an yarda a yi jeri biyu da tsakar gida a tsakani. Wanda bai cika ba, jeri ɗaya kawai. Abin da ya kawo su ke nan.

Ƙarar babur ta karyo kwana. Abarshi ya sauko, ya fara miƙa wa Mista Oladipo hannu biyu, suka gaisa sosai. Sai daga baya ya waiwayo, ya ciro goro a aljihu.

"Cafe, mutumina." Ya jefo. Dogo ya cafe. "Takardar neman iznin da ka rubuta min ta yi aiki fa. Oga, wannan da kake gani, duk wasiƙuna shi yake karanta min. Kansa cike yake da boko, aljihun ne dai iska."

Birkiloli biyu da ke zaune kan bulo suka yi dariya. Dogo ma ya buɗe haƙora.

"In an gama," Abarshi ya ci gaba, "ɗakin ƙarshe naka ne, kyauta. Na kusa da makewayi. Ka huta da kangon Ejiofor mai yoyo da kake haya."

"Na gode," in ji Dogo.

Kan wata mata ya ɓullo ta saman katangar gabas. Mama Bibiana ce mai gasa burodi, ita ta jagoranci masu ƙara.

"Makewayi nawa, Abarshi? Ɗaya? Mutum sittin, rami ɗaya, kuma a jikin rijiyata?"

"Biyu, Mama."

"To, mun gode Allah. Burodina zai ƙara ɗanɗano."

"Kwastomomi sittin nake kawo miki har ƙofa, kina zagina."

"Ka kai su gidanka. Oga safiyo, ka auna da kyau. Allah yana kallon sarƙarka."

Mista Oladipo ya buɗe littafinsa. Turken siminti mai nuna iyaka na ɓangaren Mama Bibiana yana nan a fili. Na ɓangaren lungu ne babu. Ya dudduba, ya tambaya.

"Ruwa ya cinye shi tun tuni," in ji Abarshi. "Amma ga dangata, daidai kan iyaka na kafa ta. Haka na tarar da wurin."

"To, daga danga za mu auna. Dogo, riƙe can."

Dogo ya ja sarƙa har gindin dangar, ya durƙusa, ya danne bakinta da hannu. Mista Oladipo ya ja nasa gefen, ya sunkuya.

"Hamsin da ɗaya."

Abarshi ya tafa hannu sau ɗaya. Mama Bibiana ta yi tsaki.

Dogo bai tashi ba. Shekara tara da suka wuce, lokacin da aka yanka layin nan, shi ya haƙa ramin turken da hannunsa, Baturen safiyo na tsaye a kansa da lema. Ruwa bai ci komai ba. Ƙasa ce ta rufe shi. Yana nan, taku ɗaya da rabi cikin fulotin, gab da inda zogale ya tsiro. Baturen ya koma ƙasarsu. Wanda ya riƙe ɗaya bakin sarƙar a ranar ya mutu. Duk duniya babu wanda ya sani sai shi, kuma ya tabbata Abarshi kansa bai sani ba.

Ba a neme shi da ƙarya ba. Shiru kawai zai yi, ya naɗe sarƙa.

Matar Abarshi, mai suna Baturiya, ta shigo da faranti. Da takalmi take tafiya yanzu. Ta miƙa wa Mista Oladipo ruwa a kofin gilashi, ta miƙa wa mijinta a irinsa. Sannan ta ɗebo a moɗa ta ba birkiloli, suka sha, suka miƙo wa Dogo ragowar.

"Sannu da rana, Dogo," ta ce, ba ta ko tsaya ba.

Ya dubi ruwan. Ƙurar siminti na yawo a kansa. Mista Oladipo ya lashi bakin fensirinsa zai rubuta.

"Oga," in ji Dogo.

"Mene ne?"

"Turken yana nan."

Dogo ya ajiye moɗar, ya taka zuwa gindin zogalen, ya buga ƙasa da diddige.

"Nan. Ni na binne shi."

"Dogo," in ji Abarshi a hankali.

Dogo ya ari diga a wurin birkila. Sara na huɗu ƙarfe ya yi ƙara a kan siminti. Ya share ƙasar da tafin hannu, ga lambar ofis nan a kai, ba ta goge ba.

Aka sake awo. Wannan karon Dogo ya riƙe sarƙar tam, har ta shiga naman yatsunsa.

"Arba'in da bakwai," in ji Mista Oladipo. Ya rubuta. "Jeri ɗaya ke nan, Malam Abarshi. Ɗaki takwas. Dangar kuma ta dawo ciki kafin Litinin." Ya dubi Dogo. "Zan faɗa a ofis. Irinka ba su da yawa, masu gaskiya."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," in ji Mama Bibiana daga kan katanga.

Dogo ya jira daɗin ya zo. Ya ɗan zo, kamar gishiri a bakin harshe.

Abarshi ya daɗe yana kallon turken. Ya zaga bulonsa, ya shafa guda ɗaya, ya tsaya hannu a ƙugu. Sannan ya ɗaga kai.

"Oga, ni ba na karatu. Dokar nan, ta ƙasa ta yi magana, ko har da sama?"

Mista Oladipo ya juya shafi biyu, ya sake karantawa yana motsa leɓe.

"Faɗin fili ta ce, da jeri. Ba ta ambaci bene ba. Sai dai ka kawo sabon zane, injiniya ya duba harsashi."

"Takwas a ƙasa, takwas a bisa," in ji Abarshi ga birkiloli. "Za ku iya?"

"Mun yi ɗaya a Kaduna," in ji babbansu.

Mama Bibiana ta waiwaya ta dubi rijiyarta. Kanta ya ɓace bayan katanga.

Abarshi ya nufi babur ɗinsa. Da ya zo daidai Dogo ya tsaya. Babu fushi a fuskarsa, kuma bai ɗaga murya ba.

"Shekara tara, ka tuna wurin. Kanka na da kyau, Malam Dogo." Bai taɓa kiransa Malam ba. "Sabuwar takardar kada ta dame ka. Akwai mai rubutu a bakin kotu."

Ya buga babur, ya tafi.

"Naɗe sarƙa," in ji Mista Oladipo. "Saura fuloti uku kafin azahar."

Dogo ya durƙusa yana naɗewa, gaɓa bayan gaɓa. Babu bene ko ɗaya a duk layin. Daga ƙofar kangon Ejiofor za a riƙa hango na Abarshi kowace safiya. Ya saɓa sarƙar a kafaɗa, ya bi bayan keken.