Darbejiyar da Ta Rage

Reshen yana dira ƙasa Ɗantala tela ya zabura da sandarsa, kamar ba shi ne yake kukan ciwon gwiwa tun safe ba.

"Kai, sauko! Wa ya ba ka izinin taɓa min bishiya?"

"Bishiyar wa?" in ji Haladu daga kan tabarma. "Ka ji min Gajere da ƙarfin hali. Malam, bishiyata ce ka sara, ni za ka ba wa haƙuri."

Ma'aikacin lantarkin ya dube su daga kan tsani, ya ce shi dai aiko shi aka yi, reshen yana taɓa waya. Tsofaffin biyu suka bar shi, suka juya kan juna. Kafin su gama musu an daddatsa reshen, an loda a mota, an tafi da shi. Darbejiyar mai manyan rassa biyu ta koma mai ɗaya.

Sai da ƙarar motar ta ɓace Haladu ya ɗaga kai ya dubi abin da ya rage. Ya auna shi da ido, irin awon da ya saba yi wa buhun gero a kasuwar Maigatari. Reshen nan ba zai rufe kabari biyu ba.

Wanda bai san Kulob ɗin Inuwa ba zai ce tsufa ne ya taɓa su. Samarin unguwarsu a Gumel ne suka kafa shi bayan babban fari, lokacin da rairayi ya fara shigowa har zaure. Suna da riga ruwan ƙasa, wadda Ɗantala ya ɗinka wa kowa, suna da usur na kiran aikin gayya. Su ne masu yashe kwata kafin damina, su cike kaburburan da ruwa ya burma, su koyar da yaƙi da jahilci bayan la'asar, ranar Sallah kuma su yi wasan kwaikwayo a filin firamare. Shehu, yayan Haladu, shi ne shugaba, kuma shi ya karɓo dashen darbejiya daga gandun daji. Aka jera su tun daga tsohuwar rijiya har hanyar maƙabarta, kowane ɗan kulob da tasa. Don kada wani ya yi sakaci da ban ruwa, Shehu ya kafa doka: duk wanda ya rasu, daga bishiyarsa za a sari itacen da za a jera a rufe kabarinsa.

Da dariya aka karɓi dokar, don a lokacin babu mai tunanin mutuwa. Amma a kan Shehu aka fara cika ta, daga nan ba a taɓa saɓawa ba. 'Yan kulob suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, bishiyoyin ma haka. Faɗaɗa titi ya ci wasu, masu gina shaguna suka ci wasu, rijiyar da ake lissafi daga gare ta aka cike ta. Ƙarshe dai aka wayi gari saura 'yan kulob biyu, maƙwabtan juna, da bishiya ɗaya a tsakanin ƙofofinsu.

Ɗantala ya ce tasa ce, ga tabon ƙayar da ta soke shi ranar da ya yi mata shinge. Haladu ya ce tabon almakashi ne, kowa ya sani, kuma shi ya yi ta jido mata ruwa a garwa. Kullum sai sun yi, a kan tabarma ɗaya, goro ɗaya suna rabawa.

"Kai Dogo, ko taka ce ai hasara ce a ba ka," Ɗantala yakan ce. "Irin tsawon nan naka sai an kwashe dajin Gagarawa. Ni kuwa 'yan guntaye kaɗan sun ishe ni."

Haladu yakan yi dariya, amma abin ba wasa ba ne a ransa. Ya sani sarai itace ba ya ƙara wa mamaci komai, liman ma ya taɓa faɗa masa, aikin mutum ne kawai yake bin sa. Ya yarda. Duk da haka yana so a rufe shi yadda aka rufe Shehu da sauran, ba da itacen da aka sayo a bakin kasuwa ba. Da ya ga reshe ɗaya ya rage, sai ya kama kansa yana tunanin da ya ji kunyarsa: cikinsu wa zai riga wani?

Da bazara ta kankama Ɗantala ya daina fitowa. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi da ledar magani da kumburarrun ƙafafu. Haladu ya ci gaba da shimfiɗa tabarma shi kaɗai. Masu adaidaita sahu da suke fakewa a inuwar suna tambayarsa ina abokin faɗansa, yana cewa yana nan yana tara ƙarya.

Wata Laraba da hantsi Mannir, babban ɗan Ɗantala, wanda yake koyarwa a Sule Tankarkar, ya fito ya durƙusa.

"Baba, wai ka shigo in ji shi."

Rahamatu, matar Ɗantala, ta ja mayafi ta matsa gefe da mafici a hannu. Ɗakin yana warin man zafi. Keken ɗinkin yana lungu an lulluɓe shi da tsohon zane, kwanon kunu yana kai ba a taɓa ba. Ɗantala ya ƙara ƙanƙancewa a kan gadon.

"Gajere, kwanciyar ta isa haka," in ji Haladu. "Ka bar ni da masu adaidaita, ba su iya musu ba."

"Zauna, Haladu."

Ya zauna. Rabon da Ɗantala ya kira shi da sunansa har ya manta.

"Bishiyar nan taka ce."

"Wace irin magana ce wannan?"

"Taka ce. Mannir, ka ji da kunnenka. In ta Allah ta kasance, ka je ka sayo itace. Kada a taɓa masa reshe."

Shekara da shekaru Haladu yana jiran wannan magana, ya sha tsara irin dariyar da zai yi ranar da ta fito. Yanzu ga ta, sai ya ji kamar an kwaɗa masa mari. Ya dubi fuskar abokinsa ya gane ba tuna wani abu Ɗantala ya yi ba. Bai san mai bishiyar ba, yadda shi ma Haladu bai sani ba. Sallama ce yake yi.

"Ƙarya kake," in ji Haladu. "Tabon fa?"

"Almakashi ne."

"Ƙaya ce. Ina wurin."

Ɗantala ya yi ɗan murmushi ya rufe ido. Rahamatu ta ci gaba da fifita, hawaye yana sauka a kan mayafinta ba ta share ba.

Washegari bayan an idar da sallar asuba Haladu ya jiyo salati ta kan katanga. Ya zauna a bakin gado ya yi ta maimaita innalillahi har numfashinsa ya daidaita. Sannan ya sa hula ya fita.

Ya tarar da Mannir a ƙofar gida yana ba wani ƙaninsa saƙo: a sanar da liman, a gaya wa masu haƙa, a biya wajen masu itace.

"Bar zancen masu itace," in ji Haladu. "A kira min mai gatari."

"Baba, ai a gabanka ya faɗa. Wasiyya ce."

"Me ya ce?"

"Ya ce bishiyar taka ce."

"To, madalla. Tunda tawa ce, sai in yi abin da na ga dama da ita. Ko akwai mai hana ni?"

Mannir ya sunkuyar da kai. "Kai fa, Baba? In an sare wannan, shi ke nan."

"Ni dogo ne, da ma ba zai ishe ni ba. Ubanka ya sha faɗa."

Da kansa ya taka gidan mai unguwa neman izini, don yanzu ba a sara bishiya haka kawai. Mai unguwa yaro ne a kansu, amma a ajin yaƙi da jahilci na kulob mahaifinsa ya koyi rubuta sunansa. Ya ce a sara, in mutanen gandun daji sun zo shi zai yi musu bayani.

Masu adaidaita suka janye kekunansu ba tare da an ce musu komai ba. Mai gatari ya hau. Haladu ya tsaya a ƙasa yana nuna masa inda zai sara, kada ya ji wa gindin rauni. Kowane sara yana jin sa a ƙirji, bai kuwa ɓoye wa kansa ba, yana baƙin cikin reshen kamar yadda yake baƙin cikin mutumin. Da reshen ya faɗo rana ta sauka a kan ƙofofin biyu gaba ɗaya, har wata jikar Ɗantala ta kare ido da hannu.

Aka datsa itacen gunduwa-gunduwa daidai faɗin kabari, aka tara ɗanyen ganyen daban. Aka yi sallah a ƙofar gida, aka ɗauki makara. Ta tsohuwar hanyar kulob aka bi, inda yanzu shagunan caji da na sayar da taya suke. Haladu yana tafe a baya yana gane gurbin kowace bishiya: nan ta Shehu, nan ta Ɗahiru mai usur, inda aka kafa injin markaɗe.

A bakin kabari, bayan an sa shi, Haladu ya tattare riga ya durƙusa. Aka ce ya bari matasa su yi, ya ce aikin kulob ne. Mannir yana miƙo masa yana jerawa, tun daga wajen kai, yana matse kowanne jikin ɗan'uwansa kada ƙasa ta sami hanya. Ɗacin ɗanyar darbejiya ya cika masa hanci. Ya kai ƙarshe ya miƙa hannu baya, ya ga babu sauran wuri.

"Ya cika, Baba," in ji Mannir. "Guda biyu sun yi saura."

Haladu ya dubi guntayen biyu a kan rairayi. Dariya ta taso masa, ya danne ta.

"Gajere ke nan," ya ce a hankali.

Aka toshe da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, aka tura rairayi, aka yi addu'a. Mutane suka fara watsewa. Wani daga cikin masu haƙa ya kai hannu zai ɗauke guntayen ya ajiye wa wani mamacin, Haladu ya riga shi. Ya saɓa ɗaya a kafaɗa, ya rungume ɗaya a hammata. Mannir ya ce a kawo ya riƙe masa, Haladu ya girgiza kai.

An kafa rumfar haya a ƙofar gidan don zaman makoki, tunda inuwa ta tafi. Haladu ya wuce ta, ya shiga zaurensa, ya jingine itacen biyu a bayan ƙofa, inda ruwa ba ya zuba kuma gara ba ta hawa. Ya fito da buta ya yi alwalar azahar a gindin darbejiyar kamar kullum, ruwan yana gangarawa cikin saiwa. Sannan ya jawo tabarmarsa zuwa 'yar siririyar inuwar da kututturen ya bari, ya zauna a gefe ɗaya. Ya ciro goro daga aljihu ya ɓare shi biyu.