Baƙin Lambun Iliyasu

Iliyasu yana cikin share busassun ganyen mangwaro sai ya ji ƙarar keken ƙaninsa Tasi'u a bakin darni. Bai ɗago ba. Yau sha huɗu ga wata, baƙinsa suna hanya, kuma bai gama gyara inda za su shimfiɗa tabarmi ba.

Tasi'u bai sauka daga keken ba, ƙafa ɗaya kawai ya kafa a ƙasa. Ya gaishe shi a gajarce, ya ce Mai Unguwa na nemansa yanzu-yanzu, Liman ma yana can. Iliyasu ya tambaya ko lafiya.

"Yaya, ai ka sani. Maganar mutanen nan ce."

Mutanen nan su tara ne, 'yan ƙasar Sirilanka, ko da yake a ƙauyen kowa Indiyawa yake ce musu. Tun lokacin da ƙasa ke da kuɗi aka ɗauko su koyarwa a makarantun sakandare na wajen Kunci da Bichi. Babbansu shi ne Malam Bandara, malamin lissafi, siririn mutum mai furfura da wata tsohuwar Fijo. Addinin Buddha suke bi. Shekara uku da suka wuce ya zo ya roƙi Iliyasu aron inuwar lambunsa rana ɗaya a wata, ranar da wata ke cika, domin a gidajen malamai hayaniyar ɗalibai ba ta barin su. Da Hausarsa mai tuntuɓe ya bayyana cewa zama kawai suke yi: su rufe ido, su bi shigar numfashi da fitarsa, su yi wa duk mai rai fatan alheri. Iliyasu ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya amince da sharaɗi ɗaya, kada a shigo masa da gunki gona. Bandara ya yarda, kuma bai taɓa saɓawa ba.

Duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya ce uffan, sai bana. Bara damina ta yi gardama, bana kuma sau biyu ana shuka gero yana ƙonewa tun bai kai idon sawu ba. An fita roƙon ruwa har sau uku. Magidanci kan je kasuwa ya tambayi kuɗin mudu, ya juyo da buhunsa a naɗe a hammata.

Iliyasu ya jingine tsintsiyar, ya bar ƙofar lambun a buɗe don baƙin, ya bi bayan keken a ƙafa.

A zauren Mai Unguwa Dallatu ya tarar da dattawa shida, da Liman Malam Hadi a gefe yana jan carbi. Bayan gaisuwa Mai Unguwa ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iso gun maganar. Ya ce mutane na ta surutu. Wasu na cewa baƙin nan sun binne wani abu a gindin babban mangwaro, wasu kuma sun ce duk watan da suka zauna, hadari kan taso ya zo daidai kan lambun ya watse. Ya ƙara da cewa tun bayan rikicin da aka yi a birni hukuma ba ta son jin labarin wani taro da ba a san kansa ba, shi kuma ba zai yarda a zo a tafi da shi a bayan mota saboda baƙin wani ba. Abin da ake so, Iliyasu ya je ya sallame su yau, kada su sake dawowa.

Iliyasu ya juya wajen Liman.

"Allah gafarta Malam, kai ma ka yarda akwai ɗan Adam ɗin da zai iya tsare ruwan sama?"

Liman ya ce a'a, ruwa a hannun Allah yake shi kaɗai, kuma duk mai cewa wani ya ɗaure shi, ya binciki imaninsa. Amma, in ji shi, jama'a na cikin yunwa, mai yunwa kuwa ba ya jin karatu. Tunda baƙi ne, ba su da gona ba su da kabari a nan, sallamarsu ta fi sauƙi a kan rigima.

Wannan amsa ta fi ƙona wa Iliyasu rai fiye da ƙaryar kanta. Da jahili ne ya faɗa, da ya yi masa uzuri. Ya gyara zama ya ce shi ne yake share gindin mangwaron nan duk wata da hannunsa, babu abin da aka binne sai ƙwallon mangwaro. Ya ce ranar da naƙuda ta zo wa matarsa Safara'u da gardama, ya buga ƙofa uku a garin nan, kowa ya ce babu mai a babur, Bandara ne ya baro aji ya kai ta asibiti. Ya tambayi dattawan, ɗaya bayan ɗaya, wane ne a cikinsu iyalinsa ba su taɓa shiga Fijon nan ba. 

Da ya tsaya nan, da ƙila an rabu lafiya. Amma bakinsa ya riga ya buɗe.

"Ranka ya daɗe, in dai laifin da ya hana ruwa ake nema, ba sai an je lambuna ba. Masarar agaji buhu arba'in aka sauke a garin nan. Gidana an kawo kwano biyu. Akwai rumbunan da ke cike an liƙe bakinsu ana jiran mudu ya ƙara tashi, masu su kuma a sahun gaba suke tsayawa ranar roƙon ruwa."

 Tasi'u, wanda shi ne ya riƙe mudun rabon masarar, ya sunkuyar da kai. Mai Unguwa ya ce a hankali ya ba shi zuwa la'asar, in bai sallame su ba, duk abin da ya faru shi ya jawo. Iliyasu ya ce ya riga ya ba mutanen nan kalmarsa, kuma gonar ubansa ce. Ya ɗauki takalminsa ya fita ba tare da an sallame shi ba.

Ya biya ta gida. Safara'u ta riga ta ji, domin labari ya riga shi isowa. Ta ce ita ba ta manta alherin Bandara ba, amma ya tuna cewa baƙi tafiya suke yi, su kuwa a nan za a yi musu sutura, kuma wajen mutanen garin nan za su nemi aron iri in an yi ruwa. Ya ce ya ji. Ta miƙo masa kunun kanwa a kwano, ya sha rabi ya ajiye, ya ɗauki buta da buzunsa.

Ko da ya isa, Fijon na ajiye a bakin hanya. Baƙin sun riga sun zauna, maza biyar mata huɗu, duk cikin fararen kaya, kowa a kan tabarmarsa, ƙafafu a harɗe. Bandara ya gan shi, ya haɗa tafin hannuwansa ya ɗan sunkuya, bai yi magana ba. Haka al'adarsu take, ranar zama ba sa magana tun daga fitowar rana har sai sun tashi da yamma. Iliyasu ya ja ƙyauren kara ya rufe, ya shimfiɗa buzunsa a waje, ya zauna ya ba ƙofar baya.

Daga nan yana jin duk abin da suke yi, wanda ba wani abu ba ne. Can an jima a buga 'yar ƙararrawa, su miƙe su yi ta takawa a hankali tsakanin itatuwa kamar masu tsoron taka ƙwai, a sake bugawa su zauna. Kafin rana ta take suka ci 'yar shinkafar da suka zo da ita, daga nan kuma ba sa ƙara cin komai sai washegari. Iliyasu ya yi azahar a wurin. Ya yi ƙoƙarin jan carbi, amma zuciyarsa na ta komawa zauren, yana tuno maganganun da ya kamata a ce ya ƙara.

Wajen ƙarfe uku mutanen gari suka iso, mutum kamar goma sha biyar, wasu da sanduna, wasu hannu sake. Tasi'u na can baya yana tura kekensa. Iliyasu bai tashi ba. Haruna mahauci, wanda ke gaba, ya ce ya ba su hanya su duba gindin mangwaron. Iliyasu ya ce darnin bai kai kafaɗa ba, duk mai ido ya leƙa.

Suka leƙa. Da alama sun zo da shirin ganin wuta ko jini ko wani abin tsafi. Abin da suka gani mutum tara ne a zaune, ƙudaje na sauka a fuskokinsu ba sa korewa, wata tsohuwa a cikinsu ma gyangyaɗi take yi. Aka yi cirko-cirko. Sai wani daga baya ya ɗauki hoge ya wurga ta saman darni. Ya sauka a kafaɗar Bandara ya fashe, ƙasa ta bi farar rigarsa. Bandara ya buɗe ido, ya dubi inda jifan ya fito, ya mayar da idonsa ya rufe.

Iliyasu bai san lokacin da ya miƙe ba. 

"Wa ya yi jifan nan? Ya fito ya jefe ni, ga ni. Kai Haruna, wa ya kai mahaifiyarka a ɗora ta da ta karye? Kai Basiru, takardar neman aikin ɗanka wa ya rubuta? Mutum ya zauna bai ce muku ba bai yi muku ba, ku zo da sanda ku goma sha biyar. Wallahi babu mai shiga lambun nan sai ya taka ni."

Babu wanda ya fito. Haruna ya ce shi dai ba shi ya yi jifa ba. Wani ya ce ai dama dubawa kawai aka zo yi. Suka daɗe a tsaye, ba su ci gaba ba, ba su koma ba, har aka kira la'asar, sannan suka fara zamewa da bibbiyu da uku-uku kamar dama sallar suke jira. Tasi'u ne na ƙarshe. Ya ce, ba tare da ya dubi yayansa ba, maganar masarar nan bai kamata a yi ta a gaban mutane ba. Iliyasu ya ce satar ma bai kamata a yi ta a bayansu ba. Tasi'u ya hau kekensa.

Da rana ta yi sanyi aka buga ƙararrawar ƙarshe. Baƙin suka yi wani gajeren karatu da harshensu, suka naɗe tabarmi. Bandara ya fito yana karkaɗe kafaɗa. Iliyasu ya tare shi da ban haƙuri, ya ce kada ya damu, wata mai zuwa su zo kamar kullum, shi zai kwana a bakin ƙofar in ta kama.

Bandara ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Ya ce babu wata mai zuwa. Gwamnati ba ta sabunta musu kwantiragi ba, ta ce babu kuɗin riƙe malaman waje. Takardar ta iso tun makon jiya, jirginsu ranar Talata ta sama. Zaman yau na ban kwana ne.

Iliyasu ya zare hannunsa.

"To me ya hana ka gaya mini tun da safe?"

"Malam Iliyasu, yau ranar shiru. Na ce sai yamma in faɗa maka da kyau, in yi godiya."

Iliyasu ya dube shi, ya rasa wanda zai yi wa faɗa. Ya ɓata da Mai Unguwa, ya kunyata ƙaninsa a gaban dattawa, ya kira sunayen maƙwabtansa a bainar jama'a, duk a kan mutanen da kwanaki kaɗan suka rage musu. Bandara ya ce ya ji duk abin da aka yi a bakin ƙofa, kuma a yau ya kasa bin numfashinsa ko sau goma a jere. Matan suka zo ɗaya bayan ɗaya suna sunkuyawa. Tsohuwar nan ta ba shi tabarmarta da 'yar ƙararrawar ta ce ya kai wa Safara'u. Ya karɓi tabarmar, ya mayar mata da ƙararrawar. Ya tsaya har Fijon ta hau babbar hanya.

Kafin ya isa masallaci da magariba, labari ya zaga cewa an ga baƙin suna ban kwana, sun ce ba za su dawo ba. Mutanen da ɗazu suka zo da sanda suka riƙa miƙo masa hannu. Mai Unguwa ya kira shi gefe ya ce ya kyauta, dama ya san ɗan mutunci ne, maganar ɗazu kuma ta wuce, ɓacin rai ne.

"Ranka ya daɗe, ban kore su ba. Aikinsu ne ya ƙare."

Mai Unguwa ya yi murmushi ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya gane, ba sai ya faɗa ba, haka ya fi. Iliyasu ya sake maimaitawa da ƙarfi yadda na kusa za su ji. Suka gyaɗa kai suna murmushi irin na Mai Unguwa.

Aka tayar da iƙama. Tasi'u ya matsa ya buɗe masa gurbi a sahun farko, kusa da shi, yana yafito shi da hannu. Iliyasu ya dubi gurbin. Sannan ya juya ya fita waje, ya shiga sahun ƙarshe a kan turɓaya, tsakanin wani baƙon Bafillace da mai gyaran keke, ya ɗaga hannu ya yi kabbara.