Ƙullin Bahaguwa

Shekara shida ina ɗaukar wa manyan lauyoyi jaka, sai ranar nan aka miƙo min shari'ar ma'aikata tawa ta kaina. Wallahi sai da na rufe ƙofar ofis na taka rawa.

Wadda zan tsaya wa tela ce a kamfanin ɗinka kayan makaranta, kowa Bahaguwa yake ce mata. Shekara goma sha tara tana sa maɓalli da hannu, rana tsaka aka kore ta, wai ta yi fashin kwana uku. Ta rantse ta zo, amma littafin sa hannu babu sunanta.

"'Yata," ta ce min, "aikina kawai nake so a mayar min. Ban iya zaman gida ba."

Mako guda ina juya takardu, ban tsinci komai ba. Na je gaida Inna, wadda ɗinki ya cinye wa ido, sai ta kama rigata tana shafawa.

"Bahago ne ya sa miki maɓallan nan."

"Inna, ya aka yi kika sani?"

"Ke dai boko ya gama da ke. Taɓa ƙullin, ai ta hagu ya kwanta."

Ko sallama ban yi mata ba! Na roƙi kotu ta sa kamfani ya kawo rigunan kwana ukun nan, tunda kowane ɗauri da kwanan wata a jikinsa. Manaja ya kawo yana murmushi, a zatonsa lauya ta rasa abin yi.

A gaban alƙali na tambayi manaja, "Masu ɗinki da hagu nawa gare ku?"

"Ita kaɗai ce."

Na juya riga na nuna ƙullin. Na juya ta biyu, ta biyar, ta goma, duk ƙullin ta hagu ya kwanta. Alƙali ya gyara tabarau ya ce a miƙo masa, ya gwada da na sauran teloli. Murmushin manaja ya bi iska. Da aka ce a mayar da Bahaguwa bakin aikinta, abokan aikinta suka ɓarke da guɗa har sai da aka buga tebur.

A waje Bahaguwa ta riƙe ni tana kuka, sai kuma ta tsaya cak.

"Lauya, maɓallinki yana lilo."

Ta zaro allura daga gefen mayafinta, nan bakin kotu ta ɗinke min shi, da hagu.